Dare Uku A Gidan Spencer

Ya 'yan'uwana ɗalibai, ina neman gafararku tun da fari. Na san an saba ganin maganganu masu nauyi a wannan shafi, kamar batun kuɗin makaranta, da halin ɗakunan kwana, da makomar wanda ya gama karatu ya rasa aikin yi. Yau kuwa ga wani ya zo muku da zancen wasa, wasan ma na na'ura. To, ku daure ku bi ni har ƙarshe, sa'an nan ku yanke mini hukunci.

Ni dai a da ina cikin masu yi wa 'yan wasan bidiyo dariya. In ban da ƙwallon ƙafa da mukan buga jefi-jefi a gidajen gem tun muna sakandare, ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba, kuma ko kaɗan ban yarda cewa hoton da ke motsi cikin akwatin talabijin zai iya tsorata baligi mai hankali ba. Haka na faɗa wa wani abokina ɗan ajinmu, wanda ke haya a bayan makaranta, yana kuma da na'urar PlayStation 4. Bai yi gardama da ni ba. Ya ce, "Malam, gani ya kori ji. Ka zo ranar Juma'a bayan isha'i." Na je. Ya kashe fitila, ya ƙara muryar talabijin, ya miƙo mini abin nan da ake riƙewa ana danna maɓallansa, wanda yara ke kira hannu, ya koma gefe ya zauna yana murmushi irin na wanda ya haƙa rami ya rufe da ciyawa.

Wasan da ya sa mini sunansa Resident Evil. Kamfanin Capcom na birnin Osaka a ƙasar Japan ne ya fitar da shi a watan Maris na 1996, a kan na'urar PlayStation ta farko, kuma wani mai suna Shinji Mikami ne ya jagoranci aikin. A can Japan sunansa Biohazard. Da za a kai shi Amurka aka tarar sunan yana hannun wasu, sai aka sake masa. A 2002 Mikami ya sake gina wasan tun daga tushe don na'urar GameCube, a 2015 kuma aka gyara hotunan wannan sabon gini aka fitar da shi ga na'urorin zamani. Wannan na ƙarshen shi na buga. Akwai waɗanda suka riga shi a fagen, kamar Sweet Home na Capcom ɗin a 1989, da Alone in the Dark da aka yi a Faransa a 1992, wanda Mikami da kansa ya amsa daga baya cewa ya ɗauki darasi daga gare shi. Amma Resident Evil ne ya raɗa wa irin waɗannan wasanni sunan da ake kiransu da shi har yau, sunan da ma'anarsa ita ce tsoro da neman tsira da rai. Ku riƙe kalmar tsira ɗin nan, don a kanta maganata za ta tsaya.

Labarin ba shi da wuyar faɗi. A watan Yuli na 1998, a dajin da ke bayan wani gari na ƙage mai suna Raccoon City a Amurka, ana ta tsintar gawarwakin mutane an ci namansu. Aka tura rukunin 'yan sanda na musamman su bincika, aka daina jin ɗuriyarsu. Aka tura rukuni na biyu a jirgi mai saukar ungulu. Saukarsu ke da wuya wasu karnuka suka far musu suka kashe ɗaya, matuƙin jirgi ya tsorata ya tashi ya bar su a ƙasa. Waɗanda suka rage suka ruga cikin wani tsohon katafaren gida na wani attajiri mai suna Spencer, suka rufe ƙofa. Daga nan ake miƙa maka ragama. Za ka zaɓi ɗaya cikin biyu, ko Chris Redfield ko Jill Valentine. Na so in ɗauki namijin, abokina ya ce in ɗauki macen, wai don jakarta na da gurbin kaya 8, shi kuwa 6 kacal. A lokacin ban ga abin da gurbi biyu za su ƙara wa mutum ba. Kafin dare ya raba na gani.

Abu na farko da ya dame ni shi ne ba ni da iko da idona. A kowane ɗaki an kafe wurin da za ka hango abin da ke faruwa, kamar an ɗaure ka a kusurwar rufi an ce daga nan za ka yi kallo. Sai ka ji nishi da jan ƙafa a kusa, amma abin da ke gabanka bango ne da labule. Dole ka taka ka shiga inda ba ka gani kafin a nuna maka mai nishin, sau da yawa kuwa ya riga ya miƙo hannu. Asalin wannan tsari rauni ne na na'urar 1996, wadda ba ta da ƙarfin zana ɗaki mai kyau daga kowane gefe, don haka aka zana ɗakunan tun da wuri kamar hotuna aka ɗora mutane masu motsi a kai. Haka ma ƙofofin. Duk lokacin da ka taɓa ƙofa, sai allon ya yi baƙi ƙirin, ƙofar kaɗai ta bayyana tana buɗewa a hankali da ƙara. An yi haka ne don a ɓoye 'yan daƙiƙun da na'ura ke ɗauka tana karanta faifai. Masu wasan suka mai da gazawar na'ura makami, har ma da suka sake gina shi a kan na'urori masu ƙarfi suka bar ƙofofin yadda suke. Sun yi daidai. A cikin daƙiƙun nan na buɗewar ƙofa babu abin da ke faruwa a allo, duk abin da ke faruwa a cikin ƙirjinka yake.

Ban yi minti goma ba na gamu da na farko. A ƙarshen wani lungu na tarar da mutum durƙushe ya ba ni baya, kamar mai neman abin da ya faɗi. Sai ya juyo da kansa a hankali, fuska fara fat kamar an shafa mata toka, baki duk jini, ga gawar ɗan sanda ɗan rukunin farko kwance a gabansa. Ba na jin kunyar faɗa muku cewa hannuna ya yi rawa. Na ɗaga bindiga na yi ta harbi ba lissafi har ya faɗi, na juya ina jiran yabo. Abokina ya ce, "Duba bindigarka, Malam." Harsashi 15 take ɗauka, saura 4. Ya ce, "Da ka juya ka koma ɗakin cin abinci, ai da abokin aikinta Barry ya kashe maka shi kyauta." Watau jaruntar da na nuna ita ce wautata ta farko.

Daga nan wasan ya shiga koya mini lissafi. Harsasan da ke cikin gidan ƙidayayyu ne, an warwatsa su nan da can, kuma ba za su ishi mai harbin kan-mai-uwa-da-wabi ba. Gawarwakin nan masu tafiya ba su da sauri, saboda haka sau da yawa abin da ya fi shi ne ka kauce ka wuce, ka bar su a tsaye suna nishi, alhali kana sane za ka sake dawowa ta wannan lungu. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Magani kuwa ganye ne da ake tsinta a tukwane: kore yana warkar da rauni, shuɗi yana kashe dafi, ja ba ya komai shi kaɗai sai an haɗa shi da kore ya ƙara masa ƙarfi. Sa'an nan ga jakar nan mai gurbi 8. Bindiga ta ci ɗaya, wuƙa ɗaya, harsashi ɗaya, ganye ɗaya, mabuɗai kowane da nasa. Sai ka sha wuya ka isa wani ɗaki ka tarar da ainihin abin da kake nema tun ɗazu, a ce maka babu wurin sa shi. Ba ka da ikon yar da komai a ƙasa. Dole ka koma can inda babban akwatin ajiya yake, ka sauke wani abu, ka sake ratso waɗanda ka bari a hanya. Na tsaya gaban akwatin nan fiye da yadda na tsaya gaban kowane dodo, ina auna ko in bar magani in ɗauki mabuɗi, ko in bar harsashi in ɗauki magani.

Amma abin da ya fi kowanne kama ni shi ne tafireta. Ku 'yan'uwa da kuka fara aikin gwamnati, wataƙila kun riski tsofaffin akawu suna ba da labarinta, ko kun ga ɗaya an jefar a sito ta yi ƙura. A yawancin wasannin yau na'ura ce ke adana maka inda ka tsaya ba tare da ka sani ba, in ka mutu ka tashi taku kaɗan daga inda ka faɗi. A nan kuwa sai ka sami tafireta, wadda take a wasu ɗakuna ƙalilan, kuma sai kana da zaren tawada a jakarka. Zaren nan uku-uku ake tsintarsa, duk adanawa ɗaya tana cin ɗaya, shi ma kuma yana cin gurbi. In ka mutu, duk abin da ka yi tun adanawar ƙarshe ya tafi. Ashe har kwanciyar hankali an sa mata farashi. Ɗakunan da ake ajiye tafireta da akwati babu abin da ke shigarsu, akwai kuma wani ɗan kiɗa mai sanyi da ke tashi in ka shiga. Wallahi na sami kaina ina zaune a ɗakin nan ba na yin komai, ina jin kiɗan, ina ƙin fita, kamar matafiyin da ya fake wa ruwa a zauren mutane yana addu'ar kada ya ɗauke.

A dare na biyu na yi kusan awa ɗaya da rabi ban adana ba, ina tattalin zare. Na sami mabuɗi, na buɗe ɗakuna, na tsallake wani tarko, ina ta cewa bari in ƙara kaɗan tukuna. Babu dodon da ya kashe ni. Wuta aka ɗauke. Muka zauna cikin duhu, abokina yana dariya har da hawaye, ni kuwa ina tuna zare biyar da na bari a akwati ban taɓa ba. Masu wasan a Osaka ba su sa wannan dodo a lissafinsu ba, amma darasinsa bai saɓa da na sauran ba.

Da wuta ta dawo na sake bin hanya, na kuma gamu da abin da aka ƙara a ginin 2002 wanda babu shi a na asali. Gawar da ka harbe ta faɗi ba ta gama mutuwa ba. In kanta bai fashe ba, ba ka kuma ƙone ta ba, bayan wani lokaci za ta tashi ta zama ja, da farata, da gudu irin na mai lafiya. Ƙonewa kuwa sai da kananzir da abin kunna wuta, su biyun suna cin gurbi biyu a jakar Jill, gorar kananzir ɗin gawa biyu take ƙonewa kafin ta ƙare, wurin cika ta ma ba rijiya ba ce, yana ƙarewa. Ka ga ke nan ko kisan da ka yi bashi ne ka ci. Na ratsa ta kan wata gawa sau huɗu tana kwance, har na saba da ita kamar tabarmar ɗaki. A na biyar ta miƙe.

To, a nan nake so in faɗi ra'ayina, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Mu mun tashi da tsoro iri biyu na nishaɗi. Akwai na tatsuniya, inda kaka ke ba da labarin Dodo da dare, yara su matsa kusa da juna. Akwai na fim, wanda muka tarar daga baya. A duka biyun wani ne ke ɗauke da kayan. Yaro na iya cusa kansa cikin zane, mai kallo na iya rufe ido, labarin zai ci gaba da tafiya har ya kai inda za shi, ko kana kallo ko ba ka kallo. In yarinyar fim ta nufi ɗakin da bai kamata ba, sai mu yi ta ihu muna cewa wawuya, kada ki shiga, muna jin daɗin cewa mun fi ta hankali. A wannan wasa an ƙwace mana wannan jin daɗi. In ka rufe ido, Jill za ta tsaya a bakin ƙofa har gobe. Babu wanda zai buɗe ta sai kai, da ɗan yatsanka, bayan ka ji nishin da ke bayanta, ka kuma san harsashi nawa ya rage maka. Kuma duk abin da ya same ta a ciki, kai ka san a ina ka yi kuskuren da ya jawo shi: harsashin da ka ɓarnatar awa biyu da suka wuce, ganyen da ka bari, gawar da ka yi ƙyashin ƙonewa. Fuskar dodo sau biyu ko uku take firgita mutum, daga nan ya saba. Abin da ba a sabawa da shi shi ne yanke shawara da kayan da ba su isa ba, alhali babu wanda za ka ɗora wa laifi.

Tarihin wasan kansa ya ba ni hujja. Daga Resident Evil 4 na 2005 kamfanin ya karkata ga yawan harbi, ya ƙara a na biyar a 2009, ya kai maƙura a na shida a 2012. Hotuna suka ƙara kyau, dodanni suka ƙara girma da muni, harsashi ya yawaita, masoya wasan kuwa suka yi ta kukan cewa tsoro ya tafi, har kamfanin ya koma ga gida ɗaya da ƙarancin kaya a na bakwai a 2017. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suka bi wata hanya, kamar Amnesia da wani ƙaramin kamfani na ƙasar Suwidin ya fitar a 2010, inda aka hana ka makami gaba ɗaya, sai gudu da ɓuya. Mutane da yawa suna ganin wannan ya fi ban tsoro. Ni ina ganin harsashi huɗu sun fi babu tayar da hankali. Wanda ba shi da bindiga an yanke masa shawara, gudu kawai zai yi. Mai harsashi huɗu shi ne ke tsaye a tsakiyar lungu yana tambayar kansa ko wannan ne ya cancanci a kashe masa su, ko kuwa akwai wanda ya fi shi a gaba.

Abin da ban zata ba shi ne wasan zai nuna mini halina. Ina ɗaukar kaina mutum mai saurin yanke shawara, abokaina ma sun san ni da kaifin baki a taron ƙungiya. Amma sau uku Jill ta mutu a hannuna, kuma duk ukun akwai magani a jakarta wanda na ƙi ba ta don ina tattalinsa saboda wata babbar rana. Na sami babbar bindiga mai watsa harsashi, na kai ta akwati na ajiye, na ci gaba da fama da ƙaramar. Tsoro bai sa ni gudu kamar yadda na zata ba. Rowa ya sa ni. Da na koma ɗakina na kwanta sai na tuna littattafan da na saya ban buɗe ba don ina jiran hutu, da tambayoyin da na riƙe a aji ban yi ba don ina jiran ranar da zan iya tsara su da kyau. Ban ce wasa ya gyara ni ba. Na ce dai ya gwada mini abin da jarrabawar shekara uku ba ta gwada mini ba, kuma a kan farashi mai sauƙi, tun da wadda ta mutu ba ta da rai tun asali.

Akwai kuma wani ɓangare da nake jin ƙananan ma'aikata za su fi mu ganewa. Cikin ɗakunan gidan ana tsintar takardu da wasiƙu da littattafan ajiye sirri na mutanen da suka zauna a wurin. Daga cikinsu ake gane cewa gidan rufa-rufa ne, akwai ɗakin bincike na wani kamfanin magunguna na ƙage mai suna Umbrella, wanda ke sarrafa ƙwayar cuta don yin makami, ta kuma kuɓuce. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne littafin wani mai kula da dabbobin gwaji. Ya fara da ƙorafin aiki irin na kowane lebura, da labarin caca da abokansa, sa'an nan ya ambaci ƙaiƙayi a jikinsa, daga nan jimlolinsa suka riƙa gajercewa suna karyewa kwana bayan kwana, har shafin ƙarshe ya zama 'yan kalmomi na wanda hankalinsa ya riga ya tafi. Ba a nuna hoto ko ɗaya ba, amma ban ga abin da ya fi shi ban tsoro a dare ukun nan ba. Ɗalibin adabi zai sami abin nazari a wannan shafi. Sa'an nan, tun da sirrin ya daɗe da fashewa, ba laifi in faɗa: shugaban rukunin da ya kawo su gidan, Albert Wesker, ma'aikacin Umbrella ne, ya san abin da ke ciki, ya kuma kawo mutanensa ne don a gwada dodannin a kansu. Wanda duk aka taɓa aika shi aiki da kayan da ba su isa ba, bisa umarnin wanda ya san abin da bai faɗa ba, zai ji labarin nan ya taɓa shi a wani wuri.

Kada ku ɗauka na zo tallar wasa ne. Akwai abubuwan da ban yarda da su ba. Na farko ƙarami ne: wasu daga cikin wasannin ƙwaƙwalwar da aka cusa a gidan ba su da kan gado. Wane mai hankali ne zai gina gida inda sai ka tura gunki, ka ɗauko dutse mai daraja ka sa a idon damisar dutse, kafin ka sami abin da aka ɓoye? Wasan ya kawo uzurinsa, wai mai gidan ne ya sa magini ya cika shi da tarkuna, amma uzurin bai gamsar da ni ba.

Na biyu ya fi nauyi, ya kuma shafe mu. Kalmar zombi da ake kiran gawarwakin nan da ita daga ƙasar Haiti ta shiga duniya, daga bakin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A wurinsu zombi gawa ce da boka ya tayar don ta yi masa bauta a gona, watau tsoron bawa ne cewa ko mutuwa ba za ta 'yanta shi ba. Da wannan ma'ana ta mai bin umarni ba tunani Fela Kuti ya yi amfani a waƙar da ta harzuƙa sojoji har suka ƙone gidansa a Legas a 1977. Masu fim na Amurka suka ɗauki kalmar, George Romero kuma ya kawo siffar gawa mai cin naman mutane a fim ɗinsa na 1968, daga nan abin ya isa Japan. A hanya an zubar da baƙin cikin da ke cikinta, an bar abin harbi kawai. Ƙarshen wannan tafiya shi ne Resident Evil 5, wanda aka kafa labarinsa a wani yanki na ƙage a Afirka mai suna Kijuju. Tun da aka nuna tallarsa a 2007 mutane suka yi ca, domin abin da aka gani shi ne Bature da bindiga yana harbin taron baƙaƙen fata a ƙauye mai ƙura. Kamfanin ya ce ba shi da wata mummunar niyya, kuma a wasan da ya fito akwai abokiyar aiki 'yar Afirka mai suna Sheva Alomar. Na yarda ba lalle ne an yi da gangan ba. Amma wanda ya karanta tarihin yadda aka riƙa zana mu a littattafan 'yan mulkin mallaka ba zai kalli wannan hoto da ido ɗaya da yaron Osaka ba, kuma bai kamata daɗin wasa ya sa mu yi kamar ba mu gani ba.

Na uku shi ne na gida. A Amurka an yi wa wannan wasa alamar cewa ba na wanda bai kai shekara 17 ba ne, kuma da dalili, don akwai jini da yankan jiki a cikinsa. Mu kuwa mun san yadda gidajen gem suke a unguwanninmu: wanda ya biya shi ke riƙe hannu, ko da shekararsa tara, sauran yara kuma suna tsaye a baya suna kallo kyauta. Duk abin da na faɗa na yabo, ga baligi na faɗe shi, wanda zai iya ajiye hannu ya yi tunani a kan abin da ya gani. Ƙanena ba zai taɓa shi ba in ina wurin. Batun lokaci ma gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, ni ma kuwa shaida ne cewa laccar safiyar Litinin ta wuce ni ina gyangyaɗi. Sai dai wannan wasa yana da wata kunya da ƙwallon gem ba ta da ita: yana gajiyar da zuciya. Bayan awa biyu jikinka da kansa zai ce maka ya isa.

A dare na uku na canza hali. Na ɗauko babbar bindigar daga akwati, na adana sau biyu ba tare da na ji ciwon zaren ba, na ƙone gawa biyu da ke kan hanyar da na fi bi, na bar sauran. Na kai ga wani ɗaki a saman bene inda wani ƙaton maciji ya fito daga rami, ya sare ni, na tsira da ƙyar. Yanzu Jill tana ɗakin tafireta, tana da harsashi 9 na ƙaramar bindiga da 3 na babba, ganye kore ɗaya, zare biyu, da wani mabuɗi da ban gano ƙofarsa ba tukuna. Abokina ya ce ban ma yi rabi ba, wai akwai wani gida a bayan wannan, akwai kuma abin da ke jirana in na dawo. Na ce masa sai bayan jarrabawa. Ya ce haka shi ma ya faɗa.